Direba, Mota ko Injiniya: Wa Ke Cin Tsere?

(Kiɗan buɗe shiri)

  Gaisuwa ta musamman ga direbobinmu na Tashar Kano da Tashar Bama, da 'yan Keke Napep, da makanikai da yaran gareji, domin zancen yau ya fi shafarku.

A majalisun matasanmu mun saba jin musun ƙwallon ƙafa, daga El-Kanemi Warriors har zuwa Real Madrid da Barcelona. To a 'yan shekarun nan wani sabon musu ya biyo wayoyin hannu da tashoshin tauraron ɗan'adam ya shigo mana, wato musun tseren motoci na Formula 1. Za ka ji wannan ya ce ba a taɓa yin direba kamar Lewis Hamilton ba. Wancan ya ce ina, ai mota ce ta yi masa aiki, a ba kowa irin tasa a gani. Na uku ya ce Max Verstappen ko akwalar mota aka ba shi sai ya zo na ɗaya. Na huɗu ya ce duk ku saurara, injiniyan da ke yi wa direba magana a kunne shi ne ke ci, shi ne kuma ke kayarwa.

Yau za mu zauna da wannan musu, mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa, mu auna hujjojinsa, sannan mu ga abin da za mu tsinta a ciki don amfanin kanmu a nan Maiduguri.

Mu fara da yadda wasan yake, saboda waɗanda ba su taɓa kallo ba. An fara gasar Formula 1 ta duniya a shekarar 1950, a filin Silverstone na ƙasar Ingila. Kowace ƙungiya tana fito da motoci biyu da direbobi biyu, kuma ita ce ke zana jikin motarta ta ƙera da kanta. A kakar 2024 an yi tsere 24 a ƙasashe daban-daban, kusan kowanne tsawonsa ya ɗan haura kilomita 300, ana zagaya fili ɗaya har a cika adadin. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, a yi ta raguwa har zuwa na goma. A ƙarshen shekara kambi biyu ake bayarwa: ɗaya na direban da ya fi maki, ɗaya na ƙungiyar da direbobinta biyu suka fi tara maki. Ku riƙe wannan, domin tun daga nan za ku ga cewa su kansu masu wasan sun san nasara ba ta mutum ɗaya ba ce.

Motocin nan suna wuce kilomita 350 a awa guda a miƙaƙƙiyar hanya. Amma sirrinsu ya fi yawa a kwana. An ƙera musu fukafukai a gaba da baya, an kuma sarrafa ƙasan motar, yadda iska za ta riƙa danne ta a kan kwalta. Gwargwadon gudunta, gwargwadon yadda take manne wa ƙasa. Ƙungiyar da ta fi iya sarrafa iskar nan, motarta za ta sha kwana da gudun da wata ba za ta iya ba.

Wannan ya kawo mu ga ɓangare na farko, masu cewa mota ce komai. Kuma gaskiya hujjojinsu masu nauyi ne.

Hujja ta farko, Jenson Button ɗan Ingila. Ya shiga Formula 1 a 2000, ya kai ƙarshen 2008 da nasara ɗaya tak. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin Honda, mai ƙungiyar da Button ke tuƙa wa, ya janye daga gasar, injiniya Ross Brawn ya karɓi ƙungiyar ya sa mata sunansa. Injiniyoyinsa sun gano wata dabara ta fitar da iska ta ƙarƙashin bayan mota wadda manyan ƙungiyoyi ba su farga da ita ba. Sai ga Button ya ci tsere shida daga cikin bakwai na farkon 2009, ya kuma ɗauki kambin duniya. Button bai sake hannu ba, bai sake ido ba. Mota aka sake masa.

Hujja ta biyu ta bi ta ɗaya gefen. Fernando Alonso ɗan Sifaniya ya ɗauki kambi a 2005 da 2006, kowa ya yarda gwani ne. A 2015 ya shiga motar McLaren mai injin Honda wanda ba ya da ƙarfi kuma yana yawan lalacewa. Maki 11 kacal ya samu a duk shekarar, ya ƙare na 17.

Hujja ta uku ita ce suka fi so. A watan Disamba na 2020 cutar korona ta kama Hamilton, sai Mercedes ta aro George Russell daga ƙungiyar Williams don tseren Sakhir a ƙasar Bahrain. A lokacin Russell bai taɓa samun maki ko ɗaya ba a Formula 1. Yana shiga motar Hamilton, ya ƙwace gaba tun a kwanar farko, ya ja ragamar tseren na tsawon lokaci. Masu wannan ra'ayi sai su ce: kun gani? Wanda ke can baya jiya, yau shi ne a gaba.

To amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Mu ji ɓangare na biyu, masu cewa direba ne.

Su kuma suna da ma'auni mai kyau, kuma shi ne ma'aunin da su kansu shugabannin ƙungiyoyi ke amfani da shi: a gwada direba da abokin aikinsa, tunda mota iri ɗaya suke tuƙawa. A 2023 motar Red Bull ta fi kowace mota, ta ci tsere 21 daga cikin 22. Amma a cikin 21 ɗin nan, Verstappen ne ya ci 19, Sergio Pérez ɗan Meziko ya ci 2. Verstappen ya tara maki 575, Pérez 285. Mota ɗaya, makanikai na gida ɗaya, amma maki ya ninka.

Shekarar da ta biyo baya ta fi nuna abin. A 2024 McLaren da Ferrari sun cim ma Red Bull, har McLaren ta ɗauki kambin ƙungiyoyi, karo na farko tun 1998, Red Bull ta faɗo ta uku. Duk da haka Verstappen ya riƙe kambin direbobi da maki 437, shi kuwa Pérez ya ƙare na takwas da 152. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da mota ta daina zama ta ɗaya, ranar ake gane hannun direba.

Kuma kada wani ya ɗauka zama kawai direban yake yi yana murza sitiyari. Idan ya taka birki daga babban gudu, nauyin da ke tura jikinsa yakan kai ninki biyar na nauyinsa, kuma wuyansa ne ke ɗaukar wannan kwana bayan kwana, na tsawon awa ɗaya da rabi ko fiye. A tseren da ake zafi, direba yakan rage kilo biyu zuwa uku ta gumi kawai. Mu da muka san zafin watan Afrilu a Maiduguri, mu ƙiyasta mutum cikin rigar kariya daga wuta mai kauri, da hular kwano, injin yana ruri a bayansa. A tseren Katar na 2023 zafi ya sa wani direba ya yi amai a cikin hularsa, wani ya haƙura ya fita daga tseren. A cikin wannan hali ne ake so mutum ya taka birki a daidai wuri ɗaya a kowane zagaye, ya lallaɓa tayoyinsa kada su cinye da wuri, ya kuma riƙa sauraron umarni.

Masu sauraro, za mu ɗan numfasa. Idan mun dawo, za mu shiga zancen mutumin da ba a cika ganin fuskarsa ba, amma muryarsa ce a kunnen direba daga farkon tsere har ƙarshe.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna tattauna musun masoya tseren motoci ne: direba ke ci, ko mota, ko injiniya?

Kowane direba yana da injiniyan tsere nasa. Kafin ranar tsere, su biyun ne ke zama su daidaita motar: yadda fukafukai za su tsaya, taurin sifirin, yadda ƙarfin birki zai rabu tsakanin gaba da baya. Direba zai ce gaban motar ba ya bin sitiyari a kwana, ko bayanta yana zamewa. Aikin injiniya ne ya ɗauki wannan magana ta baki, ya haɗa da alƙaluman kwamfuta, ya gano kusar da za a taɓa. A jikin motar akwai ɗaruruwan ƙananan na'urori masu aika bayani nan take: zafin taya, zafin birki, yawan man da ya rage, lafiyar injin. Injiniyoyi da dama ne ke duba waɗannan bayanai, wasu a bakin fili, wasu a can masana'anta a wata ƙasa. Amma a al'ada mutum ɗaya ne ke magana da direba. Shi ne zai tace duk abin da ya ji, ya zaɓi kalmomi kaɗan, ya faɗa a lokacin da direba ba ya tsakiyar kwana.

Shi ya sa amana tsakanin mutanen nan biyu take da tsada. Peter Bonnington ya yi aiki da Hamilton a Mercedes daga 2013 zuwa 2024, kuma kambi shida daga cikin bakwai na Hamilton tare suka ɗauka. Gianpiero Lambiase ya fara da Verstappen a 2016, a tserensu na farko a Sifaniya suka yi nasara, Verstappen yana ɗan shekara 18, kuma tare suka ɗauki kambi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Masu kallo sun sha jin su suna sa-in-sa ta rediyo, direba ya ɗaga murya, injiniya ya mayar masa a natse ba tare da ya ja da baya ba. Wasu masoya sukan ce wannan raini ne. Ni a ganina alamar lafiya ce. Injiniyan da ke tsoron gaya wa direba gaskiya ba shi da amfani a gare shi.

A 2025 Hamilton ya koma Ferrari, ya fara aiki da sabon injiniya, Riccardo Adami. Shekarar ta zo masa da wuya, karo na farko da ya kammala kaka bai zo cikin ukun farko ba a babban tsere ko sau ɗaya. Nan take masoya suka rabu, wasu suka ɗora wa injiniyan, wasu suka ce shekaru ne, wasu suka ce mota ce. A nan akwai abin lura. Abin da ake sako mana a talabijin guntaye ne da aka tsinto daga doguwar magana, kuma an fi zaɓar masu zafi domin su ke jan hankali. Wanda ya yanke wa mutum hukunci da magana ta daƙiƙa biyar bai yi masa adalci ba. Fahimtar da aka gina cikin shekara goma sha biyu ba ta samuwa cikin wata shida.

Bayan injiniya akwai masu tsara dabarun tsere. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, saboda haka babban lissafi ya koma kan taya. Akwai taya mai laushi, tana kama ƙasa sosai amma tana saurin cinyewa. Akwai mai tauri, tana daɗewa amma ba ta kai waccan gudu ba. Akwai matsakaiciya. Idan babu ruwan sama, doka ta ce sai direba ya yi amfani da iri biyu aƙalla. Yaushe za a shigo canji, wace taya za a sa, nan ake ci, nan ake faɗuwa. A tseren Hangari na 2022 Verstappen ya tashi daga na goma. Ƙungiyarsa, wadda wata injiniya mai suna Hannah Schmitz ke cikin jagororin dabarunta, ta lura ranar akwai sanyi, taya mai tauri ba za ta ɗau zafi ta kama ƙasa ba, sai suka guje mata. Ferrari kuwa ta sa wa Charles Leclerc ita alhali yana neman nasara. Verstappen ya zo na ɗaya, Leclerc ya ƙare na shida. 'Yan matanmu masu son lissafi da kimiyya, ku ji wannan da kyau: mace ce a kujerar da ake yanke irin wannan shawara.

Sai kuma masu canjin taya, mutum kusan 20 a kan mota ɗaya. A Katar a 2023, makanikan McLaren sun cire tayoyi huɗu sun ɗaura wasu cikin daƙiƙa 1.8. Kafin ka ce kwabo an gama. Amma kun tuna Russell da ya ari motar Hamilton? Bai ci wannan tseren ba. An sami tangarɗar rediyo a rumfar Mercedes, aka ɗaura masa tayoyin abokin aikinsa, dole ya sake shigowa, daga baya kuma taya ta yi faci, ya ƙare na tara. Labarin da masu cewa mota ce komai suke kafa hujja da shi, ƙarshensa hujja ce a kansu. Mota mafi kyau, direba mai hazaƙa, amma kuskure ɗaya a rumfa ya zubar da komai.

Akwai wani musu da ya fi waɗannan zafi: shin ya halatta ƙungiya ta ce wa direbanta ya kauce wa ɗan'uwansa? Wannan labari ya ratsa ta kusa da mu. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro aka fara a ƙarshen 1978, ya sha bi ta Jamhuriyar Nijar, ta Agadas da hamadar Tenere. A 1992, da aka miƙa shi har Afirka ta Kudu, ayarin ya sauko ta Dirku zuwa Ngigmi a gefen Tafkin Chadi, ya wuce Njamena. A tseren 1989, direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, sun yi wa kowa nisa, sai juna suke kora cikin rairayi. Shugaban ƙungiyar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su farfasa motocin ko su hallaka kansu. A garin Gao na ƙasar Mali ya jefa kwabo sama, ya faɗa wa Vatanen, kuma Vatanen ne ya shiga Dakar da nasara.

Wannan Jean Todt ɗin shi ne shugaban ƙungiyar Ferrari a 2002, lokacin da aka umarci Rubens Barrichello ya sassauta a daf da layin ƙarshe a Ostiriya don Michael Schumacher ya wuce. 'Yan kallo suka yi ta ihun rashin yarda, har hukumar wasan ta haramta irin wannan umarni, haramcin da ya tsaya zuwa ƙarshen 2010. Ra'ayina a nan a fili yake. A Gao akwai rayuka da ake tsoro a kai, kuma an gaya wa duniya abin da aka yi. A Ostiriya kuwa shekara ba ta yi nisa ba, Schumacher ya riga ya yi wa kowa rata a maki, babu wata larura. Ƙungiya tana da ikon tsare maslaharta, amma idan ta ƙwace wa wanda ya yi gumi haƙƙinsa ba dalili, ta zubar da mutuncin wasan.

Haka kuma ba a zancen musu a bar Abu Dabi, 12 ga Disamba 2021. Hamilton da Verstappen sun zo tseren ƙarshe da maki daidai, 369.5 kowannensu. Hamilton na gaba da rata, sai wata mota ta yi haɗari saura zagaye kaɗan, aka fito da motar da ke rage wa kowa gudu. Red Bull ta shigo da Verstappen ta sa masa sabuwar taya mai laushi. Mercedes ta bar Hamilton a kan fili da tsohuwar taya don gudun kada ya rasa matsayinsa. Mai kula da tseren, Michael Masi, ya sake buɗe gasar saura zagaye ɗaya ta hanyar da ta saɓa wa yadda aka rubuta doka, Verstappen ya wuce. Daga baya hukumar wasan, wato FIA, ta cire Masi daga muƙamin, ta kuma amince a rahotonta cewa an yi kuskure irin na ɗan'adam, amma sakamakon ya tsaya. Mai adalci zai iya riƙe abu biyu a lokaci guda: an yi wa Hamilton ba daidai ba a wannan dare, kuma Verstappen bai karya wata doka ba, ya kuma yi tuƙin da ya cancanci kambi a wannan shekara.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To jama'a, ina hukunci? Mu nan Borno mun san doki. A ranar sukuwa, dokin da ba shi da ƙafa ba ya zuwa na ɗaya ko wa ya hau shi. Doki mai ƙafa kuma, idan mahayi bai iya linzami ba, a banza. Sannan akwai mai kula da barga, wanda ya ba shi dawa da harawa, ya duba kofatonsa, ya san ranar da ba ya jin daɗi. Haka tseren mota yake. Mota ce ke yanke iyakar abin da zai yiwu. Direba ne ke nuna ko za a kai wannan iyaka. Injiniyoyi da makanikai kuma su ne ke hana a zubar da abin da waɗancan biyun suka tara. Kakar 2025 ta ƙare da Lando Norris na McLaren a gaban Verstappen da maki 2 kacal, 423 da 421. A irin wannan rata, kowace kusa da aka ɗaure a cikin shekara tana da hannu a kambin.

Yanzu ga abin da nake so mu tafi da shi gida, abu uku.

Na farko, ladabin musu. Musu yana wasa ƙwaƙwalwa idan da hujja ake yin sa. Kafin ka ce wane ya fi wane, tambayi kanka: me abokin aikinsa ya yi da irin motar? Wace taya yake kai? Me ya faru a rumfa? Kuma kada son wani baƙo da bai san da zamanka ba ya sa ka zagi abokin da kuke cin tuwo tare. Direbobin da kuke faɗa a kansu suna gama tsere su yi musabaha.

Na biyu, ga matasa da iyaye. Kujerun direbobi a Formula 1 ba su wuce ashirin da 'yan kai ba a duk duniya, kuma hanyar zuwa can tana cin kuɗi mai yawa. Hamilton ya fara da ƙananan motocin tsere yana ɗan shekara takwas, mahaifinsa yana haɗa ayyuka da yawa don ya biya. Amma babbar ƙungiya ɗaya tana ɗaukar ma'aikata ɗaruruwa, wasu har fiye da dubu, kuma mafi yawansu injiniyoyi ne da masu aikin hannu. Wannan ƙofa a buɗe take ga mai lissafi da haƙuri. Jelani Aliyu daga Sakkwato ya yi aikin zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka, sunansa yana kan zanen motar Chevrolet Volt, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Najeriya. A nan cikin Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir, har ya kai ga ƙera bas mai aiki da lantarki. Ku sani, dokokin Formula 1 na 2026 sun tanadi kusan rabin ƙarfin motar ya fito daga lantarki. Ilimin da ake nema can shi ne wanda ake koyarwa a sashen injiniya na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, shi ne kuma yaron gareji yake fara taɓawa ranar da ogansa ya miƙa masa sifana. Iyaye, kada ku raina yaron da ke dawowa gida da baƙin mai a riga. Ku haɗa masa gareji da makaranta. Dattawan direbobinmu suna tuna Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. A wannan shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, kuma ƙarko ne ya ba ta nasara, ƙarko kuwa aikin injiniya ne. Ku ma direbobi, idan makanike ya ce birki ya cinye ko taya ta yi sanƙo, ku saurare shi. Zakaran duniya ma yana sauraron nasa.

Na uku shi ne mafi nauyi a zuciyata. Tsere yana da filinsa. A watan Nuwamba na 2020 a Bahrain, motar Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Ya yi kusan rabin minti a cikin wutar, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa. Bayan ikon Allah, abin da ya tsare shi sababi ne da aka tanada: ƙarfen kare kai da aka wajabta tun 2018, rigar da wuta ba ta saurin ci, bel mai ɗauri da yawa, da motar likita da ta iso cikin daƙiƙoƙi. An kai ga wannan ne bayan rasa rayuka, ciki har da Ayrton Senna a 1994. A filin nan babu mai tallar gyaɗa, babu ɗan makaranta mai tsallaka titi, babu Keke Napep da ke tahowa ta gaba.

Kai kuma ɗan'uwana matashi, da kake wasan mota ranar ɗaurin aure, kana juyi kana ta da ƙura a Titin Baga ko Titin Damboa, wanne daga cikin waɗannan ka tanada? Ka sani, idan ka ninka gudunka, nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita yana ninkuwa sau huɗu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wannan gari ya binne 'ya'yansa da yawa a shekarun tashin hankali. Bai kamata yanzu da Allah ya fara kawo mana sauƙi mu riƙa mayar da gidan biki gidan makoki da hannunmu ba. Iyayen ango, masu unguwanni, malamanmu a kan mumbari, ku sa baki a wannan lamari. Wanda ya ba yaro makullin mota ya san abin da zai je ya yi, yana da kaso a abin da ya biyo baya.

Ku kalli tsere, ku yi musunku da ilimi, ku girmama mai gyara kamar yadda kuke girmama mai tuƙi. Idan kun hau titi kuma, ku ɗaura bel, ku duba taya da birki, ku sassauta ƙafa, ku kai mutane gida lafiya.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. A madadin duk waɗanda suka taimaka shirin ya zo muku, nake cewa Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ƙara wa Borno da Najeriya zaman lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)